Yadda Ake Ɗauke Rumbun Bayanai Daga Kwamfutar Ofis Zuwa Sabar Haya

Akwai wani ofishin tura kaya a Jidda, can wajajen Bab Makka, da nake yi wa aikin kwamfuta. Su ne ke karɓar ƙunshin alhazai da 'yan kasuwa, abaya da dabino da turare da darduma, su auna, su rubuta rasit, su tura Kano. Duk lissafinsu, tun daga sunan mai kaya har zuwa riyal nawa ya biya da nawa ake binsa, yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ajiye a ƙasa, ƙarƙashin teburin akawu. Ranar 24 ga Nuwamba 2022, da aka tafka ruwan nan da ya tsayar da Jidda cak, ruwa ya shigo ofishin har ya jiƙa ƙafar teburin. Da ƙyar kwamfutar ta sha. Washegari da sassafe Alhaji, mai ofishin, ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka ɗauke mini wannan abin ka kai shi inda ruwa ba ya zuwa."

Dama akwai wata damuwar. Ƙaninsa da ke sauke kayan a Kano ba ya ganin komai sai an ɗauki hoton fuskar kwamfuta an tura masa ta WhatsApp. Idan akawu ya tafi salla ko ya kulle ofis, mai kaya a Kano sai dai ya zauna jira.

Zan bi da kai hanyar da na bi, da inda na yi tuntuɓe. Na ɗauka rumbunka, wato manhajar da ke ajiye lissafin ofis, MySQL ne ko MariaDB, yana zaune cikin XAMPP, kunshin manhajojin da ke mayar da kwamfutar ofis ƙaramar saba, a kan Windows, don haka akasarin ƙananan ofisoshinmu suke. Sabar haya kuwa, wadda wasu ke ce wa uwar garke, kwamfuta ce ta wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, kana biyan kuɗin wata kana shiga ta intanet. Kwafin bayanan kansa ba ya cin minti ashirin. Aikin yana wajen tabbatar da cewa abin da ya isa can shi ne abin da ya bar nan, da kuma rufe tsohon gida bayan an tashi.

Fara sanin nauyin kayan

Buɗe phpMyAdmin, shafin da XAMPP ke ba ka don leƙa cikin rumbun, ka rubuta:

```
SELECT VERSION();
```

Maɓallin XAMPP yana cewa MySQL, amma tun 2015 MariaDB ce a ciki. Uwarsu ɗaya, sai dai tun 2009 kowa ya kama gidansa, kuma kullum ƙara nisa suke yi. Idan MariaDB gare ka, sa MariaDB a sabar, ka huta. Kada ka ce sai tsohuwar siga irin taka sak: an daina gyaran MySQL 5.7 tun Oktoban 2023, MariaDB 10.4 kuma tun Yunin 2024. Ɗauki sabuwa, amma ka san za ta fi tsohuwar tsanani, za mu zo kan wannan.

Sai ka duba jadawalan da ke ciki. A nan na kira rumbun da suna `kaya`:

```
SELECT table_name, engine, table_collation,
ROUND((data_length+index_length)/1024/1024) AS mb
FROM information_schema.tables
WHERE table_schema='kaya';
```

Wannan zai nuna maka girman kowane jadawali, da injinsa, wato salon da yake ajiye bayanai, InnoDB ne ko MyISAM, da tsarin haruffansa. Yanzu ɗauko takarda da biro, na gaske, ba na waya ba. Ga kowane jadawali mai muhimmanci ka ƙirga layukansa da `SELECT COUNT(*)` ka rubuta. Kada ka yarda da adadin da phpMyAdmin ke nunawa a gefe, don a InnoDB ƙiyasi ne kawai. Ka haɗa jimillar kuɗin rasitai da `SUM`, ka rubuta. Ka rubuta lambar rasit na ƙarshe. Sannan ka zaɓi sunaye biyar: ɗaya da Larabci, ɗaya mai ƙ ko ɗ, ɗaya mai lambar waya da ta fara da sifili, sauran kuma duk waɗanda ka ga dama. Wannan takardar ita ce shaidarka a ranar tashi.

Maganar haruffa, inda mu mazauna nan muka fi shan wuya

Ofishin Bahaushe a Saudiyya da harshe uku yake rubutu. Sunan mai kaya da boko, adireshin Jidda da Larabci, wani lokaci akawu ya sa ƙ da ɗ yadda ya kamata. Tsarin da ke ɗauke duk wannan lafiya shi ne utf8mb4. Wanda MySQL ta daɗe tana kira utf8 kawai, gajere ne, ba ya wuce bayit uku ga harafi, bayit kuwa shi ne ɗan gurbin da kwamfuta ke auna ajiya da shi. Yana ɗaukar Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa, amma 'yan fuskokin nan da ake sawa a saƙon waya ba sa shiga.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne jadawalin da aka gina da latin1, tsarin haruffan Turai. Manhajar ofis tana zuba masa Larabci, shi kuma yana ajiyewa a matsayin haruffan Turai, idan ta nema ya mayar mata yadda ta ba shi. Kuskure biyu sun rufa wa juna asiri, shekara da shekaru ba wanda ya lura. Kana kai shi sabon wuri asirin ke tonuwa.

Gane shi ba wuya. Buɗe jadawalin sunaye a phpMyAdmin, ba a manhajar ofis ba. Idan Larabci ya fito daidai, alhamdu lillahi, wuce gaba. Idan ka ga tarkace cike da Ø da Ù, ko ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, to bayanan suna nan da ransu, rigar ce aka sa musu a baibai, kuma akwai gyara wajen fitar da kwafi. Idan kuwa alamar tambaya ka gani jere, ????, waɗannan sun mutu tun ranar da aka rubuta su. Ba umarnin da zai dawo da su, sai dai a koma ga rasitan takarda. Faɗa wa mai ofis tun yanzu, ka nuna masa da idonsa, kada gobe a ce kai ka ɓata.

Wace saba, kuma da sunan wa

A cikin irin wannan rumbun akwai lambar fasfo, lambar iƙama, lambar waya, adireshin gidan mutane. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, aka ba da shekara guda a shirya, kuma hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido. Dokar ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa. Ni dai shawarata ga ƙaramin ofis, nemi saba da ke cikin ƙasar. Oracle na da cibiya a Jidda tun 2020, Google ta buɗe tata a Dammam a 2023, ga kuma kamfanonin cikin gida. Shigar da reshen Kano zai riƙa yi ma wata magana ce da ya kamata mai ofis ya tambayi wanda ya san dokar, kuma a taƙaita musu abin da suke gani ga abin da aikin sauke kaya ke buƙata.

Haya iri uku ce. Akwai ta ɗakin haɗaka, inda ake ba ka shafin sarrafawa na cPanel da phpMyAdmin, ga araha amma hannunka a ɗaure. Akwai wadda kamfani ke riƙe maka rumbun, shi ke sabuntawa da ajiye kwafi, ta fi tsada ta kuma fi kwanciyar hankali. Sai ta tsakiya, inda ake ba ka kwamfuta sukutum da Linux, komai a wuyanka. Ita zan yi bayani a kai, don wanda ya iya ta, sauran biyun ba za su gagare shi ba.

A buɗe asusun hayar da imel ɗin mai ofis da katinsa, kada a yi da naka. Mu baƙi ne a ƙasar nan. Yau kana Jidda, gobe iƙama ta ƙare ko kafili ya canza, ka koma gida. Idan saƙon biyan kuɗi yana zuwa akwatin da ba mai buɗewa, wata rana za a wayi gari an rufe sabar.

Share sabon gida

Shiga sabar ta SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa cikin sirri. A Ubuntu:

```
sudo apt update
sudo apt install mariadb-server
sudo mysql_secure_installation
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw allow 443
sudo ufw enable
```

Lura da jerin. A buɗe ƙofar SSH kafin a tayar da katangar tsaro, wato `ufw`, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Ƙofar rumbun bayanai, wato 3306, ba ta cikin waɗanda muka buɗe, kuma da gangan ne. Akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa wannan ƙofar.

Sai ka gina rumbun da asusun da manhaja za ta riƙa shiga da shi:

```
CREATE DATABASE kaya CHARACTER SET utf8mb4
COLLATE utf8mb4_unicode_ci;
CREATE USER 'ofis'@'127.0.0.1' IDENTIFIED BY 'kalmar-sirri-mai-tsawo';
GRANT SELECT, INSERT, UPDATE, DELETE, EXECUTE
ON kaya.* TO 'ofis'@'127.0.0.1';
```

A XAMPP manhaja ta saba shiga da root ba ko kalmar sirri. Wannan al'adar a bar ta a tsohon gida. Asusun `ofis` yana karantawa yana rubutawa, amma ba ya iya rushe jadawali.

Fitar da kwafi

Kada ka kwashi fayilolin da ke cikin `C:\xampp\mysql\data` ka ce ka yi kwafi. Jadawalan InnoDB suna ɗaure da wasu fayiloli na haɗaka, ɗaukar su ɗaiɗai ba ya haifar da ɗa mai ido. Kayan aikin shi ne mysqldump, wanda ke mayar da rumbun gaba ɗaya rubutaccen umarni cikin fayil guda. Buɗe baƙin allon umarni na Windows, ka rubuta wannan a layi ɗaya:

```
C:\xampp\mysql\bin\mysqldump -u root -p --single-transaction --routines --events --hex-blob --default-character-set=utf8mb4 --result-file=C:\ajiya\kaya.sql kaya
```

`--single-transaction` yana ɗaukar hoton rumbun a lokaci guda ba tare da tsayar da masu aiki ba, amma a InnoDB kaɗai yake yin haka. Idan takardarka ta nuna akwai MyISAM, sai kowa ya ɗaga hannu daga kwamfuta kafin ka fara. `--routines` da `--events` suna ɗauko ayyukan da aka ajiye cikin rumbun, waɗanda mysqldump ke bari a baya idan ba a ce masa ba. `--hex-blob` na kare hotuna da takardun da aka cusa a ciki.

`--result-file` kuwa yana da labari. Koyarwa da yawa za su ce ka sa alamar `>` ka tura zuwa fayil. A tsohon PowerShell da ke zuwa da Windows, wannan alamar tana rubuta fayil da tsarin UTF-16, kuma tana iya taɓa Larabcin tun a hanya. Fayil ɗin zai yi kyau a ido, ya ƙi shiga a can. Na taɓa ɓata dare guda a kan wannan.

Idan kai ne mai Ø da Ù ɗin nan, ga gyaran. Maimakon utf8mb4, ka fitar da `--default-character-set=latin1 --skip-set-charset`. Haka bayit ɗin za su fito tsirara yadda manhaja ta zuba su. Buɗe fayil ɗin da Notepad++, za ka ga Larabcin ya miƙe. Sai ka canza duk inda aka rubuta `CHARSET=latin1` ya koma `CHARSET=utf8mb4`, haka ma duk wani `COLLATE` da ke ambaton latin1. Daga nan dole manhajar ofis ita ma a gaya mata ta riƙa magana da rumbun da utf8mb4, in ba haka ba sabbin sunaye za su koma gidan jiya. Idan wasu jadawalan lafiyayyu ne wasu kuma masu ciwo, a fitar da su daban-daban, kowanne da maganinsa.

Kafin ka tashi, leƙa ƙarshen fayil ɗin. Layin ƙarshe ya kamata ya fara da `-- Dump completed`. Idan babu shi, kwafin ya yanke a hanya, sake.

Turawa da zubawa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Matse fayil ɗin, ɗauki hatiminsa, wato doguwar lambar da ke canzawa idan fayil ya taɓu, tura:

```
tar -czf kaya.tar.gz kaya.sql
certutil -hashfile kaya.tar.gz SHA256
scp kaya.tar.gz malam@adireshin-saba:/home/malam/
```

A can sabar ka rubuta `sha256sum kaya.tar.gz`. Dogayen lambobin nan biyu su zama iri ɗaya. Idan sun saɓa, intanet ta ci wani abu, sake turawa. Kada ka bi da fayil ɗin ta WhatsApp ko imel, fasfon mutane ne a ciki.

Sai zubawa. Fara buɗe `tmux`, don ko layinka ya yanke aikin ya ci gaba:

```
tar -xzf kaya.tar.gz
sudo mysql --default-character-set=utf8mb4 kaya < kaya.sql
```

Idan ya gama shiru bai ce komai ba, alama ce mai kyau. Idan ya koka da `Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci`, daga MySQL 8 ka fito ka shiga MariaDB da ba ta san wannan sunan ba, canza shi a fayil ɗin zuwa `utf8mb4_unicode_ci`. Idan ya ce `server has gone away`, galibi wani layi ne ya fi ƙarfin `max_allowed_packet`, ƙara shi a fayil ɗin saiti ka sake tayar da rumbun. Idan kuma kukan `DEFINER` ne, wanda aka fi gani a hayar haɗaka da wadda kamfani ke riƙewa, fayil ɗin yana ambaton root na tsohuwar kwamfuta ne, cire wannan ambaton. Mai hayar haɗaka ya sani kuma phpMyAdmin na da iyakar girman fayil da yake karɓa, kuma cPanel kan liƙa sunan asusunka a gaban sunan rumbun.

Yanzu ɗauko takardarka. Ƙirga, haɗa jimilla, nemo sunayen nan biyar.

Abubuwan da ba sa nuna kansu sai an fara aiki

Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan jadawali, Linux tana bambantawa. A tsohuwar kwamfuta jadawalin yana ajiye da suna `rasit`, mai rubuta manhaja ya rubuta `Rasit` a wani shafi, shekaru ana tafiya lafiya. A sabar wannan shafin zai ce babu jadawalin. Ko dai a gyara manhajar, wanda shi ne daidai, ko a sa `lower_case_table_names=1` a saitin sabar tun kafin a zuba komai. A MySQL 8 ma ba a iya canza shi bayan an kafa rumbun.

Sai agogo. Sabar haya yawanci tana kan lokacin UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Saudiyya kuwa tana gaba da awa uku. Duk rasit ɗin da rumbun ya buga wa lokaci da kansa zai koma baya da awa uku. Da rana ba wanda zai damu. Amma ka tuna yadda kasuwar Jidda take a watan azumi, ciniki sai bayan tarawihi har kusan sahur. Rasit ɗin ƙarfe ɗaya na dare zai faɗa lissafin jiya, akawu ya ƙirga kuɗin aljihun tebur ya ga ba su yi daidai da rahoto ba, a fara kallon juna. A fayil ɗin saitin rumbun, ƙarƙashin `[mysqld]`, ka sa:

```
default-time-zone='+03:00'
```

Saudiyya ba ta ja da agogo gaba ko baya da canjin yanayi, don haka wannan ya wadatar. PHP, harshen da ake rubuta manhajar burawuza da shi, na da nata saitin, a sa mata `Asia/Riyadh`. A kuma gaya wa mutanen Kano cewa lokacin da suke gani na Jidda ne, yana gaban nasu da awa biyu.

Na uku shi ne tsananin da na ambata. Tsohon rumbu sau da yawa mai haƙuri ne: a bar gurbin nauyi ba komai, ya sa sifili ya yi shiru, a ba shi suna da ya fi gurbi tsawo, ya datse. Sabbin sigogi suna zuwa da `STRICT_TRANS_TABLES` a kunne, suna ƙin karɓa. Tsofaffin bayanai za su shiga lafiya, sabon rasit ne zai ƙi ajiyuwa. Kwatanta `SELECT @@sql_mode;` a wuraren biyu. Kana iya sassauta sabar ta yi daidai da tsohuwar don aiki ya tafi, amma ka sa a ranka bashi ne ka ci, gyaran manhajar yana nan yana jiranka.

Haɗa manhaja da sabon rumbu

Idan manhajar ta burawuza ce, irin ta PHP, ɗauke ta ita ma ka kai sabar, su zauna ɗaki ɗaya da rumbun. A fayil ɗin saitinta ka sa `127.0.0.1`, da asusun `ofis`, da sabuwar kalmar sirri. Ka sa mata takardar shaidar HTTPS, wadda ke rufa asirin abin da ke wucewa tsakanin burawuza da saba, Let's Encrypt na bayarwa kyauta. Kada ka manta da jakar hotuna da takardun da aka ɗora, ba sa cikin mysqldump.

Dalilin da ya sa na nace su zauna tare lissafi ne. A ce shafi ɗaya yana yi wa rumbu tambaya 300, kuma irin wannan ba baƙon abu ba ne a manhajar da aka rubuta da gaggawa. A cikin kwamfuta ɗaya ba ka ko ji. Idan kowace tambaya sai ta yi tafiyar da ke cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, shafin zai ɗauki daƙiƙa 30 kafin ya buɗe, ga layin alhazai a bakin kanta.

Idan kuwa manhajar ta kan tebur ce, dole ta zauna a ofis, to a haƙa mata hanya ta cikin SSH:

```
ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 malam@adireshin-saba
```

Sai a ce wa manhajar rumbun yana `127.0.0.1`, ƙofa 3307. Ga ofis mai kwamfutoci da yawa WireGuard, mai haɗa ofis da saba ta keɓaɓɓiyar hanya, ya fi dacewa, don ba sai wani ya tuna ya buɗe hanya kowace safiya ba. Wasu kan buɗe 3306 ga adireshin intanet na ofis kaɗai, amma layin gida da na waya adireshinsu na canzawa, ranar da ya canza aiki ya tsaya.

Ranar tashi

Duk abin da muka yi zuwa yanzu gwaji ne. A bar akawu ya yi wasa da sabon wurin kwana biyu ko uku: ya buga rasit na ƙarya, ya nemo tsohon abokin ciniki, ya fitar da rahoton wata, ya gwada na'urar buga takarda. Idan manhajar tana fitar da rasit ɗin haraji mai lambar QR irin wanda hukumar zakka da haraji ta Saudiyya, ZATCA, ta wajabta tun Disamban 2021, a gwada shi musamman, a tabbatar lokaci da jerin lambobi ba su goce ba.

Sannan a sa rana. Daren Alhamis bayan an rufe, ko safiyar Juma'a kafin masallaci. Ba a tashi a goman ƙarshe na azumi, ba a tashi lokacin da alhazai ke haramar komawa gida. A sanar da Kano.

A ranar, fara tsayar da Apache, mai buɗe shafukan manhajar, a XAMPP don kada kowa ya ƙara rubuta komai. Sabunta takardarka da alƙaluman wannan daren. Fitar da sabon kwafi, tura, goge rumbun gwaji ka sake gina shi, zuba, ƙirga. Idan ko layi ɗaya ya ɓace, ko jimilla ta bambanta da riyal ɗaya, kada ka ci gaba sai ka gano dalili. Ba abin da ka rasa tukuna, tsohon yana nan, kana iya tayar da shi a buɗe ofis da shi ranar Asabar.

Ga inda na faɗi. Na gama komai, alƙaluma sun yi daidai, na nuna wa Alhaji a wayarsa, ya yi ta sa albarka. Na tafi na bar tsohuwar kwamfutar yadda take, da XAMPP mai tashi da kansa idan an kunna. Da safe yaron ofis ya kunna ta kamar kullum. Akawu na biyu, wanda ba ya nan daren da aka tashi, ya danna tsohuwar alamar da ke burawuzarsa, shafi ya buɗe kamar yadda ya saba, ya ci gaba da aiki. Kwana uku ofis ɗaya yana rubutu a littafi biyu. Ba mu farga ba sai da wata Hajiya ta je karɓar kayanta a Kano da rasit a hannu, aka duba lambar aka ga sunan wani mutum daban, mai katan ɗin dabino. Rumbunan biyu kowanne ya ci gaba da ba da lamba daga inda aka tsaya, lambobi suka yi karo. Alhaji ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Malam, kayan Hajiya sun zama dabino." Dare biyu muka yi da akawu muna bin rasitai ɗaya bayan ɗaya da hannu, muna ba su sabbin lambobi, muna kiran masu kaya muna ba da haƙuri.

Saboda haka, a daren tashi, kafin ka bar ofis: cire XAMPP daga tashi da kansa, canza sunan jakar tsohuwar manhaja, bi kowace kwamfuta da kowace waya ka goge tsohuwar alama ka sa sabuwa. In so samu ne, zare wayar tsohuwar kwamfutar, ka liƙa mata takarda da Hausa da Larabci cewa kada a kunna, ka ɗora ta kan kabad. A bar ta haka wata guda ba a goge komai ba.

Kwafin dare

Kamfanin haya bai ɗauki alkawarin ajiye maka kwafi ba sai in ka biya wannan daban, kuma ko ka biya, riƙe naka. Rubuta `sudo crontab -e` ka sa:

```
0 4 * * * mysqldump --single-transaction --routines --events kaya | gzip > /root/ajiya/kaya-$(date +\%F).sql.gz
```

Gina jakar `/root/ajiya` tukuna, ka kuma duba agogon sabar, don ƙarfe huɗun nata ne, ba lalle na Jidda ba. Kwafin da ke zaune kan sabar da yake karewa bai cika kwafi ba, a riƙa jawo shi zuwa wani wuri daban, ko da faifan ajiya ne a ofis mai kalmar sirri. A riƙa share tsofaffi kada su cika sabar. Goge `kaya.sql` da ka tura ranar tashi, daga sabar da kuma daga `C:\ajiya`, kuma ko da wasa kada irin wannan fayil ya kwana cikin jakar da burawuza ke iya gani.

Sau ɗaya a wata, ɗauki kwafin daren jiya ka zuba shi cikin wani rumbu na gwaji, ka ƙirga layuka, ka nemo sunayen nan biyar. A ofishin Alhaji mun sa shi ranar da ake biyan albashi, don ita ce ranar da ba wanda ke mantawa. Kalmomin sirri kuma, na saba da na rumbu da na asusun haya, an rubuta su a takarda an sa a ambulan, yana cikin akwatin ƙarfen da Alhaji ke ajiye fasfo.